Tambai Mai Rini da Mayafin Rana

Ku matso kusa da wuta. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Hansai, ke ce ɗazu da magariba kika dame ni da tambaya, wai me ya sa sama shuɗiya ce, me ya sa rana take yin ja in za ta faɗi. To, buɗe kunne, don ba zan maimaita ba. Kai kuma Ɗanlami, ajiye wannan karan kafin ka tsone wa wani ido.

A can da, sama fara ce fat kamar sabon zugu, Rana ma fara ce, ga ƙuna. Fari a kan fari, ido ba shi da inda zai huta, saboda haka kowa da kai a sunkuye yake tafiya. Rana ta fito daga gabas ita kaɗai, ta ratsa sama ita kaɗai, ta faɗa yamma ita kaɗai. Ana shanya hatsi a haskenta, ana shanya wanki, amma tun da aka yi ta ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi fuskarta. Abin yana cinta a rai ƙwarai. Duk burinta shi ne wani ya dube ta ko sau ɗaya, ya gaya mata yadda take.

Wata rana ta tare Shaho. "Kai ka fi kowa zuwa kusa da ni. Dube ni mana."

"Ranki ya daɗe, idon nan da shi nake hango 'yan tsaki. In ya ƙone me zan ci?" Ya karkace ya wuce.

Ta sami Ƙadangare a kan katanga. "Kullum kana shan ɗumina. Dube ni mana."

Ƙadangare ya gyaɗa kai, ya gyaɗa, ya sake gyaɗawa, amma bayansa ya juya mata.

Ta sami Gizo a gindin gwanda. "Gizo, dube ni mana."

"Wannan ai ƙaramin abu ne. Fara sa gwandar nan ta nuna tukuna."

Rana ta haska gwanda ta nuna. Gizo ya ci ya yi gyatsa, ya runtse ido gam, ya ɗaga kai. "Kai, kyau! Ban taɓa ganin irinki ba."

"Me ka gani a goshina?"

"Tsaga uku. Ko dai huɗu ne?"

Rana ta duba ta ga idonsa a rufe. Ranta ya ɓaci har ƙasa ta ɗauki zafi. Gizo ya ji ƙafafunsa sun soma ƙuna, ya ce da sauri, "Tsaya, tsaya. Akwai wata tsohuwa mai rini a bakin gari, can yamma. Tambai sunanta. Ita ta san abin da ido yake iya kallo."

Ita Tambai mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma sun watsu garuruwa. Hannuwanta shuɗi ne har gwiwa, ba sa wankuwa. Mutane sukan kawo mata zare su tsaya daga bakin ƙofa, su karɓa daga bakin ƙofa, ba mai zama. Ita kaɗai take cin tuwonta, in hira ta taso mata sai ta yi da tukwanen rininta.

Da yamma Rana ta sauko dab da dangar gidan, Gizo na biye da ita, ta yi sallama. Tambai ta amsa tana kallon ƙasa, ta saurari kukanta har ƙarshe. Sannan ta ce, "'Yar nan, na ji. Amma sai mun fara rina abin da ke bayanki, ido ya sami wurin hutawa. Gizo, kai ne mai igiya. Hau ka kwanto min saman nan."

Gizo ya hau ya kwance sama ya naɗo ta. Amma kun san halin mutumin. Da shigarsa gidan ya ga dawon furar Tambai a ƙwarya, ya kwashe, ya rasa inda zai ɓoye, sai ya ƙulle shi curi-curi a cikin saman, ya ɗaure da zarensa tamau.

Tambai ta motsa tukunyar baba, wato rinin shuɗi, ta tsoma sama, ta murza, ta tsamo. Sai ga ta kore-kore kamar ruwan kududdufi.

Gizo ya ɗora hannu a ka. "Tsohuwa, kin ɓata mana sama! Maida ta ciki maza."

"Cire min hannu. Rinin baba ba a yi masa gaggawa, sai ya sha iska."

Ta baza ta a kan danga. Suna tsaye, kore ya riƙa juyewa a hankali har ya zama shuɗi. Ta tsoma ta biyu, ta sha iska, ta tsoma ta uku, ta sha iska. Da aka zo warwarewa sai ga ƙulle-ƙulle. Tambai ta kwance, fura ta zubo, kuma duk inda Gizo ya ɗaure rini bai shiga ba, ya zauna fari. Shi ne gajimaren da kuke gani, Hansai, wurin furar sata ne. Tambai ta bi Gizo da muciya, ya tsere da saman ya mayar da ita inda take.

Da gari ya waye mutane suka ɗaga kai a karo na farko. Suka yi ta kallon sama suna murna, amma da idonsu ya zo kan Rana sai su kauce. Ranar nan kaɗaicinta ya fi na kullum, domin yanzu ana kallon sama, ita ce kawai ake tsallakewa.

Tambai ta rina mata mayafi da baba. Rana ta yafa da tsakar rana, ya ƙone ƙurmus. Ta rina mata wani da gangamau, mai ruwan ɗorawa. Kafin azahar ya koɗe, da ƙyar aka ceci rabinsa. Rana ta dawo tana hawaye.

Tambai ta ce, "Laifina ne. Ni da ba na barin rinina ya wuni a rana, na ɗauka na ba Rana da kanta ta wuni da shi." Ta jiƙa karan dafi, ta rina mayafi na uku, ja wur, ta ɗinka ragowar mai ruwan ɗorawan a bakinsa. "Wannan ba na yawo ba ne. Ki ninke ki adana. Da sassafe kafin ki yi zafi, da yamma in kin huce, sai ki yafa."

Rana ta jira har ta huce, ta yafa, ta tsaya a bakin danga. Tambai ta ɗaga kai a hankali, ta dube ta, ta daɗe tana dubanta.

"Yaya nake, Iya?"

"Fuskarki zagayayya ce kamar faifai. Ba tsaga ko ɗaya, Gizo ƙarya ya yi miki. Amma da ganinki kin gaji."

"Ke ma kin gaji, Iya."

Tun rasuwar mijinta ba wanda ya ce wa Tambai haka. Ta jawo tabarma ta zauna, suka yi hira har duhu ya fara.

Daga ranar, kullum yamma Rana sai ta yafa jan mayafinta ta tsaya wajen Tambai. Ta ba ta labarin garuruwan da ta wuce, har da inda ta hango 'ya'yanta, wane yana noma, wance ta haihu. Shekaru suka yi ta tafiya a haka.

Wata yamma Rana ta zo ta yi sallama, shiru. Ta sake yi, shiru. Ta yi ta uku, ta leƙa, ta ga tukwanen rini a kife, tabarma a naɗe. Gizo ne ya fito daga cikin danga, kuma ranar bai yi wasa ba. Ya ce, "Da hantsi aka kai ta makwancinta."

Rana ta daɗe a tsaye, har jan mayafin ya bazu a gefen sama duka, sannan ta nutse. Har yau ba ta fasa ba. Kowace yamma takan yafa shi, ta rage sauri a bakin yamma, ta ɗan jira ko wani zai ɗaga kai.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, wanda kuke amfana da shi kullum, ku riƙa duban fuskarsa. Kada ku tsaya daga bakin ƙofa ku karɓa ku wuce. Ni ma nan da kuke gani, in ba tatsuniya ko gyaɗa kuke so ba, wuni nake yi ba wanda ya leƙo ɗakina. Hansai, gobe da yamma ki zo ki kama hannuna, mu fita bayan gida mu dube ta tare.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta ƙare. Ku tashi, wuta ma ta mutu.