Daɓen da Aka Yi a Kan Gyaɗar Kwarin Ɗorawa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kuka ce? To ku gyara zama, don wannan ba ta cika dariya ba.

Ranar Laraba ce, uku ga watan tara na manoma, da hantsi, saura kwana goma sha biyu cif a cire gyaɗa, Kurege ya shigo Kwarin Ɗorawa da sandar awo a kafaɗa. Ku riƙe ranar nan, daga ita ɓarnar ta fara.

Abin da ya kawo shi kuwa, Sarki Zaki ne ya sa aka yi shela zai gina sabon fagen kokawa, mai rumfuna da wurin makaɗa, ya kuma ajiye ƙungiyar 'yan kokawa waɗanda ba noma ba kiwo, fada ce za ta ci da su. Fage ɗaya, garuruwa da yawa. Sai ya naɗa Kurege ya zaga ya dubo garin da ya cancanta.

In don cancanta ce, ai ba gardama. Kwarin Ɗorawa ƙaramin gari ne, amma tun kaka da kakanni kokawa suke yi. Da an ɗaure amfanin gona sai ganga ta tashi, har daga ƙetaren rafi a zo kallo. Alƙalin kokawarsu wani tsohon Kunkuru ne, Baba Nomau, shekara arba'in da ɗaya yana wannan aiki, bai taɓa ɗaga hannun wanda bai yi kaye ba. Da ya ji shelar sai da ya kasa cin abinci don murna. Burinsa ya ga fagen nan kafin ya mutu.

Aka sauki Kurege, aka kawo masa dafaffiyar gyaɗa ta gefen gona, wadda ta riga nuna. Ya ci, ya suɗe, ya tambayi inda aka samo ta. Mai gari Gadu ya kai shi gandun gari, inda kowa da kowa ya haɗu aka shuka gyaɗar shekara, fili shimfiɗe kamar faifai. Kurege ya shiga awo. Baba Nomau dai idonsa kusa da ƙasa yake, ya lura sandar tana sama, hancin mai awon yana ƙasa.

Kurege ya ce wuri ya yi, babu kamarsa a duk inda ya zaga. Sai dai Sarki na tafe ranar Juma'a, kuma ba ya son ganin gona, fage yake son gani. A yanke harawa yau, gobe mata su yi daɓe.

Mai gari ya ce ai gyaɗar ba ta gama nuna ba. Kurege ya ce to shi ke nan, Birnin Kuraye sun riga sun share nasu filin, bari ya wuce. Ya ƙara da cewa gyaɗa ba ta da ƙafa, in Sarki ya gani ya tafi sai a fasa daɓen a tone ta. Wa ma zai tuna da gyaɗa, su da za su ci shinkafar baƙi?

Baba Nomau ya miƙo wuya ya ce, "Ɗan nan, wa ya taɓa kokawa a kan daɓe? Yashi ake zubawa. Wanda aka kayar a kan daɓe ai sai a ɗauke shi."

Kurege ya ce, "Baba, kokawar ƙauye ka sani. Ta birni a kan daɓe ake yi, don a ji ƙarar kaye daga nesa."

Aka yi dariya. Mai gari kuwa ya fi tsoron a ce masa baƙauye da tsoron yunwa. Ya ba da umarni.

Washegari Inna Delu Bushiya, shugabar matan gari, ta tara mata. Aka zuba tsakuwa, aka yayyafa ruwa, aka ɗauki madaɓi. Suna waƙa suna duka, suna waƙa suna duka, a kan abincinsu na shekara. Aka jiƙa makuba aka kwara. Daɓe ya yi ƙyalli, ya yi tauri, ko fartanya ba ta kama shi. Kurege ya kafa doka, ya ce daga yau filin Sarki ne, wanda ya ko karce shi da farce sai fada. Shi kuma zai tare a gindin ɗorawar da ke bakin filin don gadi. Ya haƙa ɗan raminsa a nan.

Juma'a ta zo, Sarki bai zo ba. Kurege ya fito ya ce an ɗaga, amma Sarki na tafe. Wata Juma'ar ma haka, Sarki na tafe. Kowace Alhamis sai ya ɗauki sanda ya ce ya tafi fada, ya zaga bayan tsauni ya dawo ta cikin ciyawa.

Baba Nomau kullum yakan je bakin filin ya kwanta da hantsi. Shi da cikinsa ke manne da ƙasa, sai ya riƙa jin wani abu daga can ƙarƙashi, ƙus, ƙus, ƙus. Ya je ya gaya wa Mai gari, Mai gari ya ce kunnen tsufa ne. Ya kira Inna Delu, ta kara kunne, ta ji. Ta daɗe a durƙushe, sannan ta ce hannunta ne ya daɓe wurin, kuma ga doka. Ta tashi ta tafi gida ba ta waiwaya ba.

Gari na ramewa, Kurege na yin kumatu. In an tambaye shi sai ya ce nauyin aiki ne ke kumbura shi.

Rana ta arba'in da bakwai, Zaki ya gaji da jiran mai awonsa, ya taso da kansa ba sanarwa, Giwa sarauniyar kokawar fada na gabansa. Gari ya fito, aka buga ganga da sauran ƙarfin da ya rage. Baba Nomau yana can ɗaya ƙarshen filin. Giwa ta ce bari ta gwada fagen. Ta taka ɗaya, ta taka biyu, a ta uku ƙasa ta buɗe, rugum, ta faɗa har wuya, ƙafarta ta gaba ta karye.

Da ƙura ta lafa aka leƙa. Ƙarƙashin daɓen duk rami ne, rami cikin rami, cike da ɓawon gyaɗa. Ga Kurege a tsakiya, baki cike, ya nufi hanyarsa ta gudu, tumbi ya hana shi shiga. Giwa ta sa hanci ta zaro shi ta ajiye gaban Zaki. Zaki ya ɗora masa hannu a wuya, ya tambaye shi me yake yi a nan.

Kurege ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ranka ya daɗe, da kai ka fara takawa fa?"

Zaki ya dubi ramin, ya dubi ƙafar Giwa, hannunsa ya ɗan sassauta.

Kurege ya ce mai awon kirki sama da ƙasa yake dubawa. Da ya duba ƙasa sai ya tarar mutanen nan sun ɓoye gyaɗa ƙarƙashin fagen Sarki, gyaɗa kuwa gara take kira, gara ta cinye ƙasa. Kunya ta hana shi kai ƙararsu, sai ya zauna yana kwashe ta da bakinsa, shi kaɗai, kwana arba'in da bakwai. A dubi yadda aikin ya lalata masa ciki.

Zaki ya tambayi Mai gari ko gaskiya ne sun daɓe gyaɗa. Mai gari ya ce gaskiya ne, amma... Zaki ya ce bai tambayi amma ba.

Tun faɗuwar Giwa Baba Nomau ya taso. Maganarsa a shirye take, da ranar, da wanda ya ce a daɓe, da shaidu. Yana tafiya, yana tafiya, yana zagaye bakin ramin. Kafin ya kai rabi an yanke hukunci: Kwarin Ɗorawa garin ha'inci ne, bai cancanci fage ba, a faɗi haka a kasuwanni bakwai. Fage ya tafi Birnin Kuraye. Kurege an naɗa shi Sarkin Awo. Da Baba Nomau ya iso inda Zaki ya tsaya, sawu kawai ya tarar.

An gina fagen, ba laifi, ya yi kyau. Ranar buɗewa rumfuna suka cika maƙil da 'yan kallo daga ƙauyuka. Waɗanda suka koma gida ba su kai waɗanda suka je ba. Tun daga nan ba wanda ya sake zuwa. Kuraye kuwa kokawa ba ta dame su ba, 'yan kallon suke so. Yanzu 'yan kokawar Sarki a gaban jemagu suke kaye.

A Kwarin Ɗorawa ko iri ba a samu ba. Da bazara ta tsananta, fatar gangar kokawa sai da aka jiƙa aka dafa. Inna Delu ba ta ga ruwan farko ba, ita da wasu takwas. A gefen ramin aka binne su, don nan ne ƙasa ta fi sauƙin haƙa.

Baba Nomau ya ɗauki ɓawon gyaɗa ɗaya mai shatar haƙoran Kurege, ya yi kwana goma sha ɗaya a hanya zuwa fada. Aka ce masa duk ƙarar da ta shafi fili, Sarkin Awo ake kai wa. Ya juyo, wani kwana goma sha ɗaya.

Ƙurunƙus kan kurege, shi da ya ƙoshi. In darasi kuke so, ga shi: duk garin da ke neman fage, ya fara cire gyaɗarsa, sannan ya aika mai saurin ƙafa ya yi masa magana.

Amma Baba Nomau bai ce ƙurunƙus ba. Duk ranar kasuwa yana bakin ramin da ɓawonsa. Ya ce ya yafe fagen, ya yafe gyaɗar. Abin da bai yafe ba, sunan garin. Sharaɗinsa shi ne Kurege ya zo nan, da rana tsaka, ya tsaya gaban kaburburan tara, ya faɗa da bakinsa cewa shi ya ce a daɓe, shi ya ci, ya roƙi gafarar gari. Sannan sanƙira ya maimaita a kasuwannin nan bakwai, da irin muryar da ya kira su maha'inta.