Hayaƙin da Ya Cinye Muryar Inna

Ya 'yan uwa, ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku.

A bakin ruwan nan namu, ta wajen Warra, an yi wani mutum mai sana'ar kifin banda. Ba zan faɗi sunansa ba. Matar da ta haife shi ma ba ta taɓa faɗa ba, domin ɗan farinta ne, ita kuwa mutuniyar dā ce mai kunya. Tun yana goye "wancan" take ce masa, da ya girma ta koma "mai gidan nan" har furfura ta fito masa. Ba ta haɗa ido da shi. Ba ta roƙonsa komai baki da baki. In tana son abu, sai ta juya ta faɗa wa bango, don wani ya ji ya kai masa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yana ɗan shekara shida jirgi ya kife da ubansa, ba a ga gawa ba sai bayan kwana uku. Ya bar matar da 'ya'ya biyu, shi da ƙanwarsa Tabawa tana nono. Ba gona, ba taru. Sai ta zauna gaban murhun banda tana gasa kifin mutane. Shekara talatin tana nan. Idanunta suka yi ja ba su sake washewa ba. Tari ya kama ta bai sake ta ba. In tarwaɗa ta karye bisa wayar murhu ba ta sayuwa, ita ce abincinsu: ta ɓare masa tsoka, ita ta tsotse kai.

Allah ya buɗa wa mutumin nan. Murhu ɗaya ya zama goma sha biyu, da ma'aikata, da motoci masu ɗaukar kwalaye zuwa Kudu. Ya je Makka sau biyu. Ya gina gida mai tayil da falo babba. Kuma kada mu zalunce shi, da farko ya yi abin kirki. Ya ɗauko Innarsa ya sa ta a ɗakin da ke jikin falonsa, mai fanka da taga biyu. Kullum da safe yakan durƙusa bakin ƙofa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa wa bango, "Lafiya lau. Allah shi yi albarka."

Amma tsufa ba ya tsayawa inda kake so ya tsaya. Ta haura saba'in. Ƙafafu suka mutu. Ta daina riƙe bawali, daga baya ta daina riƙe komai. Matarsa Zulai'atu, Allah ya saka mata, ita ke wanke ta safe da yamma, ta juya ta don kada baya ya yi gyambo, ta ɗura mata kunu da cokali. Tabawa tana aure a wata tungar masunta ta tsallaken ruwa, duk Juma'a sai ta biyo jirgi ta kwana biyu ta karɓi matar wanta.

Da tarin ya yi tsanani suka kai ta asibiti a Yelwa. Likita ya saurari ƙirjinta ya daɗe, sannan ya ce, "Alhaji, huhun tsohuwar nan ya gaji. Ku raba ta da hayaƙi, ko na turaren wuta ne." Yana tsaye aka faɗa. Da kunnensa ya ji. Har ya ce, "In sha Allahu."

Wata rana ya yi baƙi, manyan masu sayen kifinsa da wasu masu faɗa-a-ji na gari. Ana cikin cin abinci a falo, iska ta turo ƙofar ɗakin tsohuwa, wari ya shigo. Ɗaya daga cikin baƙin ya ja hannun riga ya toshe hanci, ya ce, "Kai, Alhaji, ko ɓera ya mutu a silin?"

Aka fashe da dariya. Shi ma ya yi dariya.

Ya 'yan uwa, a wurin dariyar nan ya fara faɗuwa. Da ya ce, "Mahaifiyata ce ba lafiya, ku yi mata addu'a," wa zai raina shi? Wallahi da kowa ya sunkuyar da kai. Amma ya ji kunyar warin jikin da ya fito daga cikinsa.

Baƙi na tashi ya fara lissafi a zuci. Turare likita ya hana. To ina za a sa ta inda wari ba zai fito ba? Sai Shaiɗan ya nuna masa wani ɗaki a bayan gida, jikin rumfar banda, inda ake ajiye kwalaye. A can ƙamshin kifi ya rufe komai. Ko akuya ta mutu ba mai ji.

Zulai'atu ta ce, "Alhaji, hayaƙin fa? Ka manta abin da likita ya ce?"

Ya ce, "Ke, Inna za a gaya wa hayaƙi? A cikinsa ta tsufa. Shi likitan nan yaushe aka haife shi?"

Aka share ɗakin, aka shimfiɗa katifa sabuwa, aka ɗauko ta a tabarma. Da aka ajiye ta, ta shaƙi iskar wurin, ta juya fuska ga bango ta ce a hankali, "To. An komo gida."

Ya dubi matarsa ya ce, "Kin ji ko? Ita da kanta ta ce an komo gida." Ya fita da zuciya fara. Kunyar ɗan fari ce ta ɗaure mata baki, shi kuwa ya ɗauki shirun yarda ne. Ya san al'adar sarai. Ya zaɓi kada ya sani.

Ranar Juma'a Tabawa ta sauka jirgi da ƙullin furarta, ta nufi ɗakin da ta saba, ta tarar an sa kujeru. Da aka nuna mata inda uwarta take, ba ta ko ajiye mayafi ba ta same shi a ƙofar gida.

"Yaya, mi Inna ta yi maka?"

"Mi kika gani?"

"Ka mai da ta kifi? Ka ba ni ita in tahi da ita. Bukkata ta kara ce, amma iska na shiga."

Ya ce, "Don a riƙa faɗi a kasuwa Alhaji ya kasa riƙon uwarsa, sai ƙanwa ta ɗauke ta a kwale-kwale? Ba inda za ta. Akwai abin da ta rasa? Madara na saye, bargo na saye, magani na saye."

Tabawa ta ce, "Numfashi ta rasa, Yaya. Shi ina ake sai da shi?"

Ya shige mota ya bar ta tsaye.

Kun gani? Bai iya zama da warinta ba, bai kuma iya barin wani ya ɗauke ta ba. Duka biyun don bakin mutane. Bakin Allah kuwa bai tuna ba.

Damina ta sauka. Itace ya jiƙe, ɗanyen itace kuwa kun san irin hayaƙinsa, ba ya tashi sama, ƙasa yake bi. Ruwa ya cika, kifi ya yi yawa, murhu goma sha biyu ba a kashe ko ɗaya. Zulai'atu ta toshe taga da tsumma, ɗaki ya yi zafi kamar tanda. Ta buɗe, hayaƙi ya cika shi. Ta yi ta roƙon mijinta har ya ce in ta sake maganar ta tafi gidansu.

Muryar tsohuwa ta fara dushewa. Daga dushewa ta koma raɗa. Wata safiya ana ba ta kunu, ta ture cokali ta ce wa bango, "Da mai gidan nan zai leƙo, da akwai maganar da nike son in bar masa."

Matar da ba ta taɓa nemansa ba, yau ta neme shi. Zulai'atu ta kai saƙo da gudu. Ya ce gobe.

Taku arba'in ne daga falonsa zuwa ɗakin. Kullum yana wuce ƙofar sau biyar, sau shida. Yakan tsaya gaban murhu ya ɗaga kifi ya juya shi, ya kai hanci ya shinshina ko ya gasu. Yana jin tarinta ta bayan bango. A ransa ya san in ya shiga zai ga abin da ya aikata. Sai ya aika da lemo.

Bayan sati ta sake faɗa. Wannan karon sai da Tabawa ta manna kunne a bakinta. Aka kai masa. Ya ce a bari a gama lodin wannan makon.

Ranar lodi, da hantsi, wayarsa ta yi ƙara yana tasha. Tabawa ce. "Yaya, ka taho yanzu." Ya ce saura kwali kaɗan. Ta sake kira da azahar. Ya ce ana ɗaure igiya. Sai da ya ga mota ta hau titi sannan ya juya gida, ana kiran la'asar.

Ya sunkuya ya shiga. Wata huɗu rabonsa da ganinta. Idanunsa suka kawo ruwa nan take, ba don kuka ba, don yajin hayaƙi. Bango ya yi baƙi. Bargon da ya saya ya yi baƙi. A tsakiyar katifa ga wata 'yar aba kamar itace busasshe, ƙirji na hawa yana sauka da wani sauti kamar ana jan zarto.

A nan ne abin ya faɗo masa gaba ɗaya. Ya zube bisa gwiwa ya kama ƙafarta.

"Inna. Inna, ga ni. Ki yafe mini, Inna."

Ya 'yan uwa, ta juyo daga bango. Shekara hamsin da ɗoriya ba ta kalle shi cikin ido ba, ranar nan ta kalle shi. Hankalinta na nan, ta gane shi. Leɓɓanta suka motsa. Suka sake motsawa. Ya kai kunne har yana taɓa bakinta. Ba abin da ya fito sai iska mai ƙauri.

Sai ta ɗaga hannun dama, a hankali, tafin a buɗe, ya nufo fuskarsa. Kafin ya taɓa shi, hannun ya faɗi bisa katifa. Tabawa ta yi salati ta shafe mata ido.

Ya juya kamar mahaukaci. "Tabawa, mi ta ce? Kin fi ni jin bakinta. Ta ce ta yafe?"

Tabawa tana hawaye ta ce, "Ban ji ba, Yaya. Wallahi ban ji ba. Da ka zo wancan sati da ka ji da kanka. Hayaƙi ya cinye muryar."

"Hannun fa? Shafa ni za ta yi, ko ture ni?"

"Allah kaɗai ya sani."

Ba ta so ta yi masa ƙarya a gaban gawa, kuma ta yi daidai.

Aka yi jana'iza ta mutunci, jama'a har daga Yauri da Shanga. Baƙon da ya yi maganar ɓera ma ya zo, ya ce Allah ya ba Alhaji ladan jinya. Bayan addu'ar bakwai mutumin ya koma rumfar banda. Yana shaƙar hayaƙin sai amai. Ya gwada washegari, haka. Mutumin da hancinsa ne jarinsa, wanda daga nesa yake sanin kifin da ya gasu da wanda bai gasu ba, ya kasa kusantar murhu. Ya bar wa ma'aikata. Suka riƙa sauke kifi da ɗanyensa. Kwalaye suka riƙa isa Kudu da tsutsa. Masu saye suka juya baya ɗaya bayan ɗaya. Murhu suka mutu, ciyawa ta fito a cikinsu. Masu cika masa falo suka sami wani falon.

Amma ba wannan ne halakar ba. Dukiya tana tafiya ta dawo.

Halakar ita ce hannun nan. Ya bi malamai gari gari yana tambaya. Suka ce masa ƙofar tuba a buɗe take, ya yi mata addu'a, ya yi mata sadaka, kada ya yanke ƙauna da rahamar Allah. Gaskiya suka faɗa masa. Sai ya ce, "Na ji. Amma ita mi ta ce?" Wannan kuwa ba malamin da ya sani.

Yau in ka je bakin ruwa inda jirage ke tsayawa, za ka gan shi zaune bisa wani tsohon kwale-kwale da aka kife. Rigarsa wankakka ce, domin Zulai'atu ba ta gudu ba, Tabawa kuma tana aiko masa da fura. Ba ya bara, ba ya zagi. In baƙo ya sauka, sai ya tare shi da ladabi, ya ɗaga hannun dama a hankali, tafin a buɗe, ya ce, "Bawan Allah, in tsohuwa ta yi maka haka, mi take nufi?"

Ni ma ya tambaye ni.

To, ya 'yan uwa, wa ke da tsoho a gida? Wane ɗaki yake? Yaushe rabonka da ka shiga ka zauna, ba ka aika ba? Kai da kake toshe hanci, wa ya wanke naka kashin da hannu tsirara, yana yi maka wasa? Jinyar tsoho tana da nauyi, ban ce ba ta da shi ba. Akwai wari, akwai gajiya, akwai ranar da za ka ji kamar ka gudu. In ka gaji ka faɗa, a taya ka. In ka kasa ka ba ɗan'uwanka, wannan ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka ɓoye wadda ta haife ka don wani mai cin tuwonka ya ji daɗin zama.

Kuma kada shirun iyayenku ya ruɗe ku. Da yawansu ba za su taɓa cewa an cuce su ba. Za su faɗa wa bango, bangon kuwa zai ba da shaida ranar da baki ba ya amfani.

Wanda nasa ke da rai, kada ya kai magariba bai durƙusa gabansu ba. Ka nemi kalmar nan tun harshe na iya furta ta, tun kunnenka na iya ji.

Ya Allah, ka ji ƙan iyayenmu da suka riga mu. Waɗanda ke kwance ka sassauta musu, ka ba masu jinyarsu haƙuri da lada. Bawan nan naka da ke bakin ruwa, ka karɓi tubarsa ka sanyaya masa zuciya. Mu kuma ka tsare mu da zuwa a makare. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.