Birekar da Ta Ƙi Faɗuwa

Yayana direban babbar mota ne, mutum mai kirki da kyauta, amma Allah bai ba shi haƙuri ba. Ko shayi ba ya jira ya huce. A gida Yanzu-yanzu muke kiransa, kuma yana amsawa.

Wata Asabar ya dawo daga tafiya ya tarar wuta tana ta ɗaukewa a rabin gidan. A akwatin wutar da ke bayan ƙofar falo akwai bireka shida, wato ƙananan makunnan nan da ke faɗuwa da kansu su yanke wuta idan kaya ya yi wa waya yawa. Ta ukun ce ta addabe mu. Ita ke ba kicin da ɗakin Inna, mahaifiyarmu, wadda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar shekara biyu. Da ta faɗi, sai fankar Inna ta tsaya.

Muka kira mai gyaran wuta, wani dattijo mai natsuwa. Ya kashe babban makunni, ya sa muka zare komai daga soket, ya cire murfin akwatin, ya gwada layin da mitarsa. Sannan ya kwance birekar ya nuna mana gindinta. Ya yi baƙi ƙirin, robar ta narke.

Ya ce, "Sukurun da ke riƙe wayar ne ya saki, har ta ƙone. Lamba ashirin ce. Gobe da safe zan kawo irinta. Yau ku mayar da tsohuwa falo, can akwai fanka."

Yaya ya ce, "Gobe? Haba Baba, a sa babba mana, a huta da faɗuwar nan!"

"Ɗana, wayar da ke cikin silin ɗinku siririya ce. Daidai ƙarfin waya ake sa bireka. Ka sa babba, waya za ta ƙone ita tana tsaye."

Yaya ya yi kunnen uwar shegu. Dattijon na fita, sai Yaya ya nufi kasuwa, ya dawo da bireka lamba sittin da uku.

Na ce, "Yaya, ka fa ji abin da mutumin nan ya ce."

"Ke, tun kina goye nake gyaran wayar mota. Mai taya goma sha takwas ita ke ɗaukar kaya, ba a-kori-kura ba."

Ya ɗaura ta da kansa. Fanka ta juya, Inna ta yi ta sa masa albarka, shi kuma yana hararata yana murmushi. Washegari dattijon ya zo da ƙaramar bireka a aljihu, Yaya ya sallame shi tun daga ƙofa, ya ce an riga an gama.

Da azahar matar Yaya tana guga, ga hita a bokiti, ga murhun lantarki a kunne, duk a layi ɗaya. Sai na ji warin roba. Na leƙa kicin, ban ga komai ba. Na duba akwati, bireka na tsaye, sai hankalina ya kwanta. Wannan kwanciyar hankalin har yau tana ci mini rai.

Can muka ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa, tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙi na fitowa ta saman ƙofarta. Na ruga na kashe babban makunni, amma silin ya riga ya kama. Ga shi Inna ko juyawa ba ta iya yi ita kaɗai.

Yaya ya jiƙa bargo ya afka ciki. Muna jin tarin Inna, sannan muka daina ji. Matarsa na ta salati, maƙwabta na kwarara ruwa. Silin ya rufto, Yaya ya tare shi da hannuwansa don kada ya faɗa wa Inna. Ya fito da ita a kafaɗa, hannun rigarsa na ci da wuta.

Inna ta yi kwana tara a asibiti, ta rayu. Amma likita ya ce yatsun Yaya na dama ba za su sake riƙe sitiyari ba.

Dattijon ya zo jaje, ya buɗe akwatin a gabanmu. Birekar na nan tsaye, sabuwa fil, ko alamar ƙuna babu a jikinta. Ya cire ta. Inna ce ta dubi hannun Yaya da ke naɗe, hawaye na zuba, ta ce, "Ɗana, da ka bar ni na kwana ɗaya a falo."

Darasin shi ne, sauri kan haifi nawa. Abin da ke dakatar da kai ba kullum ne maƙiyinka ba, wani lokaci shi ke tsare ranka. Idan bireka ta faɗi, a nemi dalili, a musanya ta da irinta, a bar mai sana'a ya yi aikinsa. Haƙurin kwana ɗaya ya fi nadamar har abada.