Irin Albasar Gwauruwa

Akwai wata gwauruwa da mijinta ya mutu ya bar mata ƙullin irin albasa, amma bai bar mata lambu ba. Ranar makoki ƙanin mijin ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Ki yafa irinki a bayan ɗaki. Ran da ya isa dashe, lambuna naki ne."

Ta yafa. Safe da yamma tana ɗauko ruwa a ka daga rafi, tana korar kaji, har iri ya yi kore shar. Mai wucewa yakan leƙa ta kan danga ya ce, "Kai, Maman Tabita, hannunki da albarka!" Ita kuwa ta san albasa ba ta yin kai a inda aka yafa ta, sai an cire ta an dasa inda za ta sake.

Da lokaci ya yi ta je wurin ƙanin mijin ta ce, "Baban Habila, iri ya isa."

Ya yi dariya ya ce, "Haba matata, saurin me? Bari in kwashe tumatir tukuna."

Ta sake komawa, ya ce, "Ba ga shi nan kore ba? Me ya ci shi?"

Iri ya cushe, ya soma rawaya, ya kwanta.

Sai wani maƙwabci, wanda ba danginta ba, ya ce, "Fangali biyu nake da su a lambuna da ban shuka ba. Tsinto masu rai." Ta tsinto ta dasa, suka yi kai kamar dunƙulen hannu. Sauran suka ruɓe. Da ƙanin mijin ya kwashe tumatirinsa ya aiko a kawo iri, ba abin da za a kai masa.

Ma'anar misalin nan ita ce: bayan ɗaki firamare ne, lambu kuwa sakandare. Irin albasar kuwa 'ya'yanmu ne na ƙauye. Ƙanin mijin nan mu ne. Ranar godiyar kaka dattawan ikilisiya suka yi alkawari a gaban Ubangiji cewa duk yaron da ya ci jarrabawa za a kai shi gaba. Keziya ta ci, tana gida tana jira. Istifanus ya ci, yau yana wanke babura a tasha. Ba alfarma iyayensu suke nema ba, alkawari ne, kuma dole a cika shi. Dashe yana da lokacinsa, ba ya jiran tumatirin kowa. Ana gama hutu za a koma makaranta. Wa ke da fangali biyu?