Matakalar da Ya Zaɓa wa Inna

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai shagon tayil, wato dutsen da ake shimfiɗawa a daɓen ɗaki. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi, kuma ya iya ta. Idan mai saye ya nuna wani dutse mai sheƙi, sai ya tambaye shi, "Akwai tsoho a gidanka?" In ya ce akwai, sai ya girgiza kai. "To bar wannan. Da ruwa ya taɓa shi ya zama sabulu." Saboda wannan tambaya mutane suka yarda da shi.

Shi ne babba a ɗakinsu. Ƙannensa biyu ne, namiji malamin makaranta da autarsu mace. Mahaifinsu ya rasu, saura mahaifiya, wadda kowa ke kira Inna, kuma a gidan babban take zaune. Gwiwoyinta sun gaji, da sanda take tafiya, amma ba ta taɓa yarda wani ya riƙe mata buta ba. Ba ta iya ƙorafi ba. Ka tambaye ta abin da ke damunta, ta ce ba komai. Kullum da safe idan zai fita, sai ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya saba da jin haka har ya daina ji, kamar ƙarar fanka.

Duk shekara idan yara sun samu hutu, sukan kama gidan haya na 'yan kwanaki a wani gari su tafi gaba ɗaya. Zaɓen gidan karɓa-karɓa ne. Bara malamin ne ya zaɓa. Ya samo wani gida mara kyan gani, fenti ya koɗe, kujeru sun lotsa, amma komai a ƙasa yake, banɗaki na jikin ɗakin Inna. Da suka dawo ta ce, "Malam ya iya zaɓe." Sau ɗaya ta faɗa a gaban babban. Bai manta ba.

Bana layi ya zo kansa. Ya zauna a shago yana ta duba hotunan gidaje a waya, yana wuce na ƙasa kamar mai korar ƙuda. Can ya ci karo da wani farin gida a kan tudu, bangon falon duk gilashi. A tsakiyar falon akwai matakala mai murɗewa, ta baƙin dutse, tana ƙyalli, ba ta da abin dafawa. Ya buɗa hoton da yatsu biyu. Nan take ya gane dutsen, don yana da irinsa a shago. A ransa ya ga iyalin duka sun jeru a kanta, shi a sama, ya ga ƙanensa ya rasa ta cewa.

Ya kira mai gidan. Wata mata ce mai magana kai tsaye. Ta ce, "Kafin ka biya bari in gaya maka. Banɗakunan duk a sama suke. Idan akwai tsoho ko mara lafiya a cikinku, ina da wani gida a bayan layi, duk a ƙasa, har ya fi sauƙi."

Ya ce, "Duk matasa ne mu."

Ya 'yan uwa, wa ya tilasta masa? Matar ba ta ɓoye masa komai ba, har wani gidan ta miƙa masa. Shi ya ture da hannunsa.

Da ya koma gida Inna ta ce, "Babba, ka tambaya min banɗaki?"

"Inna, ba ki taɓa ganin gida irin wannan ba."

"Ba shi na tambaya ba."

"Komai akwai," in ji shi, ya wuce ciki.

Ranar da suka isa, yara suka yi ta ihun murna. Malamin ya tsaya a falo ya ɗaga kai ya dubi matakalar. "Yaya, gida ka kamo mana ko shagonka ka ɗauko?" Aka yi dariya. Auta ba ta yi ba. Ta zagaya ƙasan gidan ta buɗe kowace ƙofa, ta dawo ta ce, "Ina banɗakin ƙasa?"

Ya ware hannu. "Wallahi hoto bai nuna ba. Ni ma yanzu nake gani."

Aka shimfiɗa wa Inna katifa a wani ɗan ɗakin karatu kusa da kicin. Auta ta riƙa hawa da ita sama, ta rungume ƙugunta, taki ɗaya sai hutu. Inna ba ta son a ɗauke ta kamar kaya. Sai ta yi abin da ta iya, ta daina shan ruwa. A kawo mata shayi ta ce ta ƙoshi. Alwala kuwa, ta samu wani lungu a bayan gida kusa da furanni, tana tsugunawa da butarta tana dafa bango.

Washegari ya fito ya same ta a nan. Ya ɗaga kai, sai ga baƙin gidan da ke kusa a barandarsu suna leƙowa. Ƙila furannin suke kallo. Shi dai kunya ta kama shi, kunyar uwarsa a gaban mutanen da bai san sunansu ba.

Ya ce, "Inna, nan fa ba gida ba ne. Mutane na kallo."

Ta dube shi ta ce, "To."

Ya ɗauki butar ya jefa a bayan mota ya kulle.

Da la'asar ya ce kowa ya shirya a yi hoto a gaban gida, inda matakalar ke fitowa ta cikin gilashi. Auta na can tana fama da ɗaurin kan yara. Inna ta ce bari ta yi salla tukuna. Ba ta kira kowa ba, ba halinta ba ne. Ta nufi matakalar ita kaɗai don ta yi alwala a banɗakin sama.

Ya gan ta. Ta cikin gilashin ya gan ta, sanda rataye a hannu, tana hawa da tafukan hannu kamar yaro mai koyon rarrafe. Ya san da jiƙaƙƙun ƙafafu za ta sauko. Ya san dutsen fiye da kowa a gidan. Ya dubi rana ya ga tana shirin faɗawa bayan tudu, ya ce a ransa bari a ɗauki ɗaya kafin haske ya tafi. Ya jingina wayar a kan mota, ya saita ta ta ɗauka da kanta, ya ruga ya shiga tsakiyar layi.

Sai suka ji ƙarar.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ya karye, kuma a shekarunta da wuya ya haɗe. Suna tsaye a bakin ɗakin sai ga matar nan mai gida ta zo jaje. Ta leƙa ta ga tsohuwa kwance, ta juyo ta dube shi.

"Bawan Allah, ba kai ka ce min duk matasa ne ba? Ban ce maka ina da na ƙasa ba?"

Malamin bai ɗaga murya ba. Ya zauna a benci ya riƙe kai. Auta ce ta yi magana. "Yaya, lokacin da muke gini kai ka hana mijina sayen irin dutsen nan. Ka ce saboda surukata."

Sai ya ce ƙaddara ce.

Inna ba ta ƙara tsayawa da ƙafarta ba. Ranar sallama, ya kawo mota har bakin ƙofa ya buɗe mata. Ta ce wa auta, "A kai ni gidan Malam."

Yakan je can da kaya niƙi-niƙi. Ta amsa gaisuwarsa, ta tambayi yara, ta tambayi kasuwa. Ba ta taɓa zaginsa ba, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Idan ya miƙe zai tafi, sai ya ɗan jinkirta a bakin ƙofa yana gyara takalmi, yana jira. Ta ce, "Ka gaida gida." Shi ke nan. Abin da ya yi shekara da shekaru yana ji bai sa wa kunne ba, yanzu shi yake tsayawa bara a ƙofa.

Me ya hana shi durƙusawa ya ce Inna na sani, na yi ƙarya, ki yafe min? Abin da ya sa shi kama gidan, shi ya hana shi. A kasuwa cewa yake mai gidan ce ta cuce su. Yana ganin akwai lokaci. Kafin wani hutun ya zagayo, Inna ta rasu a ɗakin ƙasa na gidan ƙanensa.

Labari ya riga shi zuwa kasuwa. Wata rana ya tambayi wani mai saye, "Akwai tsoho a gidanka?" Mutumin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai za ka yi min wannan tambayar?" Ya ajiye dutsen ya shiga shagon gaba. Daga nan masu saye suka yi ta raguwa har ƙura ta rufe kayan. Ƙannensa har yau suna tafiya hutu, da 'ya'yansa ma. Layin zaɓe dai bai ƙara zuwa kansa ba, kuma ba a gaya masa ranar tafiya.

Hoton kuwa ya ɗauku. Yana nan a wayarsa. A ciki kowa ya waiga wajen gida, auta ta riga ta saki hannun yaro ta ɗaga ƙafa. Mutum ɗaya ne ke kallon gaba yana murmushi.

Ya 'yan uwa, wannan bai daki uwarsa ba, bai hana ta abinci ba. Gida ya kama don a gani a yaba, ya fifita idon baƙo a kan gwiwar mahaifiyarsa, sannan ya ƙi faɗin gaskiya har ƙofar ta rufe. Yanzu ma akwai masu duba hotunan gidaje a cikinku. Kafin ka tambayi kyan falo, ka tambayi inda mafi rauni a cikinku zai kwanta, da inda zai yi alwala. Wanda kuma ya san yana da abin da zai roƙi iyayensa, ya tafi yau.

Allah ya kiyaye mu daga yi don idon mutane, kada ya ɗauke iyayenmu suna riƙe da albarkar da muka wulaƙanta. Amin.