Shugaban Da Ya Ɓoye Wa Baƙi Ɓarnar Teku

An taɓa yin wani mutum a wannan tsibiri namu, ya 'yan uwa. Ba zan kama sunansa ba, domin 'ya'yansa suna nan da ransu, wasunsu ma da su muke haɗa sahu. Dattawan cikinku sun riga sun gane shi. Matasa kuwa, labarin ya fi muku amfani a kan sunan.

Lokacin da mutumin nan yake tasowa, tsibirin nan ya fi haka faɗi. Daga ƙofar masallaci zuwa bakin ruwa sai ka ratsa inuwar kwakwa har ka gaji da tafiya. Maƙabarta tana can arewa cikin farin yashi, kowane kabari da itacensa da farin ƙyallensa. Ranar Sallah gari duka can yake komawa, mata da butocin ruwa da furanni, maza da tsintsiya, ana shara ana addu'a ana tuna wanda ya fi kowa iya tuƙa kwale-kwale. Kai, zamani ya wuce! Wanda bai ga wannan ba, ban san yadda zan kwatanta masa daɗinsa ba.

A zamanin, shugaban ƙaramar hukumarmu shi ne Nek Arifin, Allah ya jiƙansa. Kun san ƙaramar hukuma irin tamu ba ta da ƙarfin gina ko da gadar da jirgin ruwa zai tsaya a sauka. Duk wani babban aiki sai an roƙo shi daga Canberra, babban birnin ƙasarmu. To, Nek Arifin ya iya roƙo, kuma ba ya jin kunyarsa. Sai kansiloli su zauna, a saurari limamai da mata da masunta, a tsayar da buƙata guda. Sannan ya ari kwat mai kauri, ya shiga jirgi zuwa birnin Perth, daga can ya wuce Canberra, ya yi ta zaman benci a ƙofar ofisoshi cikin sanyin da bai saba da shi ba. Magana ɗaya yake maimaitawa: ku zo ku gani da idonku.

Idan kuwa suka zo, ba ya kai su inda ke da kyau. Yana jira sai teku ta cika, sannan ya ja minista da muƙarrabansa cikin ruwa har gwiwa, ya nuna musu inda ake sauke majinyata daga kwale-kwale. Da jiƙaƙƙen wandon minista muka samu gadar jirgi. Da shi muka samu ɗakin shan magani.

Mutumin namu yana ƙaramin kansila a lokacin, mai kaifin kai, mai Turanci kamar ruwa. Wata shekara Nek Arifin ya tafi da shi babban taron da shugabannin ƙananan hukumomi na ƙasa duka suke yi, inda kowa ke kawo kukan garinsu a haɗa murya. Suna shiga zauren, wani shugaba daga garin masu haƙar ma'adinai ya ɗaga murya yana dariya.

"Ga mutanen jiƙaƙƙen wando sun iso! Jama'a, kowa ya riƙe aljihunsa."

Nek Arifin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Kai ma ka zo mu jiƙa naka, ko ka yi wanka bana."

Aka bushe da dariya, aka wuce wurin. Amma mutumin namu bai wuce ba. Maganar ta soke shi, ya dawo da ita gida a ƙirji, ya yi ta kiwonta shekara da shekaru. Ya sha alwashin cewa ranar da ya zama shugaba, babu wanda zai sake kallon tsibirin nan da idon tausayi.

Allah ya karɓi ran Nek Arifin. Aka yi zaɓe, mutumin namu ya hau kujera.

A shekarun nan ne teku ta fara cin arewa. Da farko kwakwa ɗaya ce ta kwanta, sai ta biyu. Sannu a hankali ruwa ya matso har ya zamana idan ya cika yana lasar gindin layin farko na kaburbura. A wannan layin mahaifinsa yake kwance, mahaifiyarsa kuma tana gefensa.

Kansiloli suka zauna, babu wanda ya yi musu: katangar duwatsu da za ta tare teku ake buƙata, kuma aikin ya fi ƙarfinmu. Ku yi wa mutumin nan adalci, ya 'yan uwa, ya yi ƙoƙari. Ya rubuta, ya buga waya, ya haɗa kai da shugabannin sauran garuruwan bakin teku, ya tashi a babban taro ya yi magana har aka tafa masa. Ƙarshe dai aka ce wani kwamiti na 'yan majalisar tarayya zai zagaya. Masu nema suna da yawa, abin rabon kaɗan ne, saboda haka za su duba da idonsu su ba wanda ya fi shiga uku.

A nan Shaiɗan ya samu ƙofa.

Kun san halinmu da baƙo. Ko babu komai a gida sai mun share tsakar gida, mun yanka kazar da muke ji da ita, mun ɓoye tsumma a bayan ƙyaure. Hali ne mai kyau, iyayenmu suka bar mana shi. Amma akwai baƙon da ya zo cin abinci, akwai kuma likitan da ya zo duba ciwo. Wa yake ɓoye wa likita gyambo?

Mutumin namu ya ce wa zuciyarsa, gwamnati tana ba wanda ya burge ta ne. Zuciyar kuwa ta san ba wannan ba ne dalili. So yake manya su koma Canberra suna cewa, a can akwai shugaba.

Sai ya kira aikin gayya. Aka yi wa gidaje fenti. Aka sare kwakwar da ta faɗi aka janye kututturanta cikin daji. Aka yi ta jido yashi daga kudu ana zubawa a bakin maƙabarta, aka baje, aka dasa furanni a kai. Ya kuma tsara ziyarar ta faɗo daidai lokacin da teku take janyewa can nesa.

Yana da yaya, Mak Rosida, mace mai baki, wadda ta goya shi yana jariri. Ta same shi a bakin maƙabarta yana nuna wa masu baro inda za su juye yashi.

Ta ce, "Shugaba, sannu da aiki. Amarya za a kawo wa matattu ne?"

"Yaya, don Allah ki bar ni da abin da na sani."

"Me ka sani? Mutanen nan ciwo suka zo gani, kai kuma kana shafa masa hoda. Baba yana nan ƙarƙashin ƙafarka, ruwa yana taɓa shi kullum. Ka bar su su gani mana!"

"Su ga me? Su koma suna yi mana dariya? Na gaji da a kira mu maroƙa."

"To, ba roƙon za ka yi ba? Kai yaron nan, ni na wanke maka kashi, yau ni za ka yi wa Turanci?"

Masu baro suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Dariyar nan ta ƙara tunzura shi. Ranar da baƙi za su zo, sai ya damƙa wa Mak Rosida da sauran tsofaffin mata masu magana aikin girki, a can ƙarshen kudu, inda ko ihu suka yi ba za a ji su ba.

Baƙi suka sauka. Aka tarye su da ganguna, aka rataya musu furanni. Suka ci gasasshen kifi da shinkafa mai madarar kwakwa da yaji har suna share hawaye suna neman ƙari. Aka zagaya da su. Ko'ina fes, teku tana can nesa tana ƙyalli kamar ba ta taɓa cutar kowa ba.

Cikinsu akwai wata 'yar majalisa mai furfura, mai yawan tambaya. Da aka zo maƙabarta ta tsaya ta duba hagu ta duba dama.

Ta ce, "Shugaba, kun ce teku tana cinye muku kaburbura. Ina wurin yake?"

Ya 'yan uwa, Allah ya sake buɗe masa ƙofa a wannan lokacin. Da ya sa ƙafa ya ture yashin nan, da ta ga saiwar itace a waje, da ta ga inda ƙasa ta zabge. Kansiloli biyu suna tsaye a bayansa suna jiran ya yi hakan. Amma ya dubi masu ɗaukar hoto, ya gyara hularsa.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, mun shawo kan abin da hannunmu. Mu nan ba mu saba zama jiran kowa ba. Katangar dai don gaba ce."

Matar ta girgiza masa hannu, ta ce da duk shugabanni irinsa ne da ƙasa ta huta. Ranar nan ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa don murna.

Da sakamako ya fito, an yabi tsibirinmu, an ce abin koyi ne. Katanga kuwa aka ba wani gari can a gaɓar arewacin ƙasa, inda shugabansu ya tsayar da 'yan kwamitin a cikin ajin makarantar da ruwa ya shiga. Mu aka ce mu sake nema a zagaye na gaba. Mutumin namu ya ce wa jama'a su kwantar da hankali, yanzu manya sun san shi, magana ɗaya zai yi.

Teku ba ta jira zagaye na gaba ba. Da lokacin manyan igiyoyi ya zo, yashin gayya ya tafi cikin kwana kaɗan, da furanninsa da komai. Wata safiya da hantsi, iska tana kaɗawa, aka ji mata suna salati daga arewa. Kafin maza su isa, layin farko ya rufta. Mutane suka shiga ruwa har ƙirji da fararen zannuwa, suna tsintar abin da za su iya tsinta. Mun ga ƙarti suna kuka kamar yara. Wasu an same su, an sake yi musu sutura a tudu. Wasu ba a same su ba. Na mahaifinsa da na mahaifiyarsa, ko itacen kabarin ba a gani ba.

Ya ruga Canberra. Wannan karon ya yi zaman bencin da ya raina Nek Arifin a kansa. Da ƙyar ya samu ganin matar nan mai furfura. Ta tarye shi da fara'a, ta ce har yanzu tana tuna kifin nan. Da ya gama bayani sai fuskarta ta canza.

Ta ce, "Amma na tambaye ka. A kan wurin muke tsaye, na tambaye ka."

Ya tashi ya fita, ya kamo hanyar gida.

Daga baya an gina katangar, ga ta can kuna ganinta. Amma wani shugaba ne ya roƙo ta, domin jama'a sun sauke wannan a zaɓe na gaba ba tare da hayaniya ba. Babu wanda ya zage shi. Gaisuwa ce kawai ta gajarce, kuma idan ya shigo wuri sai hira ta mutu.

Sallah ta zagayo. Kowa ya nufi sabuwar maƙabarta da butarsa. Shi ma ya fito da tasa, ya yi ta yawo tsakanin kaburburan mutane, babu inda zai tsuguna. Can ya hango Mak Rosida ita kaɗai a bakin ruwa, tana watsa furanni a kan igiya. Ya matso a hankali.

Ya ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Ni ai na yafe, ɗan uwana ne kai. Amma ka nuna mini inda zan tsaya in gai da Inna."

Bai kai wata Sallar a tsibirin nan ba. Ya tattara ya koma wani gari mai sanyi a kudancin Perth, ya kama aiki a mayanka, mutumin da aka taɓa tafa wa a babban taro. Waɗanda suka ziyarce shi sun ce ba ya zancen gida, kuma idan aka ambaci teku sai ya tashi ya ba da wuri. A can ya rasu, a can aka binne shi.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai saci kuɗin kowa ba. Bai sha giya ba, bai bar salla ba. Me ya halaka shi? Riya da girman kai. An ba shi amanar kai kukan jama'a, sai ya sayar da kukan ya sayi yabo. Ya ji kunyar mutane, bai ji kunyar Allah ba. Ƙarya ɗaya ya yi, ta kwalliya, irin wadda yawancinmu ba ma lissafa ta cikin zunubi.

Wanda duk aka aika ya yi magana da yawun wasu, ko kansila ne, ko ɗan kwamitin masallaci, ko babban wa a gida, ya sani cewa bakin nan ba nasa ba ne. Roƙon haƙƙin jama'a ba ƙasƙanci ba ne. Rufin asiri na gidanka ne, ka rufa abinka. Amma ciwon al'umma ba ka da ikon rufe shi don a ce ka iya.

Kuma kada mu fita daga nan muna jin mun fi shi. Yashin nan ba shi kaɗai ya jido shi ba. Da yawa daga cikinmu mun tura baro a ranar, muna sane da abin da muke rufewa, muka yi shiru don kada a ce mun kunyata shugaba a gaban baƙi.

Allah ya jiƙan iyayenmu, waɗanda ke cikin ƙasa da waɗanda ruwa ya tafi da su, domin Shi ya san inda kowannensu yake. Allah ya gafarta wa bawan nan nasa. Mu kuma Allah ya kiyaye mu daga son yabo, ya kiyaye mu daga shirun da ke cin amana. Amin.