Ranar Da Sarkin Ruwa Jatau Ya Hana Iskar Bazara Wucewa

Dalilin da ya sa iskar bazara take faɗo wa masunta a tsakiyar tafki ba sallama ba gargaɗi, ku matso ku ji, yara, domin da can ba haka take yi ba.

A zamanin da, akwai wata tungar masunta a bakin babban tafki, irin tafkin da in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka hango waccan. A lokacin nan Iskar Bazara mai ladabi ce ƙwarai. In zafi ya yi zafi, shamuwa ta dawo, sai ta zo tungar a siffar wata tsohuwa siririya mai saurin tafiya. Takan yi sallama a ƙofar Sarkin Ruwa, a shimfiɗa mata tabarma, a ba ta ruwan randa. In ta huta sai ta ce, "Gobe da la'asar zan wuce, a janye jirage." Sai a yi shela, kowa ya jawo kwalekwalensa kan yashi, ya naɗe tarunsa. Ta zo ta yi haukanta a kan ruwa, ta wuce, ba wanda ya yi asarar ko filafili.

Ana nan sai tsohon Sarkin Ruwa ya rasu, aka naɗa ɗansa Jatau. Shi Jatau ba mugu ba ne, sai dai yana son a san ya zama wani abu. Abin da ya fara yi shi ne ya sa aka kawo masa rawani mai tsawon gaske, in ya naɗa shi sai ya rufe kunnuwa, sai an ɗaga murya yake jin magana. Yana kuma da wani aboki, Korau, wanda ya taɓa zuwa birni, ya dawo yana ganin ya fi kowa sanin yadda ake sarauta.

Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, abu ɗaya ke damuna. Wannan tsohuwa da ta saba shigo wa mahaifinka kai tsaye, ta zauna tabarma ɗaya da shi. A birni ko attajiri sai an yi masa iso."

Jatau ya ce, "To ai Iska ce."

"Iska a kan ruwan wa take bi?"

Jatau ya shafa rawani. Maganar ta yi masa daɗi. Ya ce, "Ruwana."

Da bazara ta kama, sai ga tsohuwa ta zo kamar yadda ta saba. Korau ya tare ta a zaure, ya ce Sarki yana barcin rana. Ta ce za ta jira. Ta zauna a ƙasa, ba tabarma ba ruwa. Jatau kuwa idonsa biyu, yana leƙenta ta kafar zana, yana jin daɗin yadda Iska da kanta take jiransa. Sai da inuwa ta juya sannan ya fito yana taku ɗaiɗai.

Tsohuwa ta yi masa ta'aziyyar mahaifinsa, ta yi masa murnar sarauta, sannan ta ce, "Ɗana, gobe da la'asar zan wuce. A janye jirage."

Korau ya daka mata tsawa. "Wa kike kira ɗanki? Ki ce ranka ya daɗe!"

Ta ce, "Ransa ya daɗe. Shi ya sa ma na zo."

To, ashe Jatau ya riga ya sa an sassaƙa masa wani ƙaton jirgi, an shafe shi da shuni, kuma gobe ne ya shirya fita da dukan jiragen tunga zuwa tsibiri, don mutanen can su ga sabon Sarki da sabon rawani. An dafa abinci, an gayyaci makaɗa.

Ya ce, "Gobe ba zai yiwu ba. Ina da fita. Ki dawo bayan kasuwa, mu duba."

Tsohuwa ta yi tsammani rawanin ne ya hana shi ji, ta ɗaga murya. "Ranka ya daɗe, ba izini na zo nema ba, labari na kawo. Ni ma 'yar aike ce. Hadari yana bayana, damina tana bayansa, manoma sun gama sharar gona suna kallon sama. In na tsaya, duk sun tsaya."

Jatau ya ce, "Manoma suna da nasu sarkin. Nan ruwa ne, kuma ban amince ba."

Ta dube shi, ta dubi Korau, ta karkaɗe zaninta ta fita. Korau ya ce, "Ka gani ko? Ko musu ba ta iya yi ba."

Nan da nan aka yi shela a tunga: Sarkin Ruwa ya hana Iska wucewa, gobe kowa ya fito da jirginsa. Mutane suka yi ta mamaki, wasu suka ce lalle an yi Sarki mai kwarjini. Mutum ɗaya ce ta ƙi, Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifin Jatau, mai bandar kifi. Ta shiga gidansa ba iso, ta same shi ana gwada masa naɗi.

Ta ce, "Jatau, kai da ko akuyar gidan nan ba ka iya hana ta shiga rumbu, kai ne za ka hana Iska?"

Ya ce, "Gwaggo, yanzu fa ni Sarki ne."

"Na sani, a gabana aka naɗa ka. In dai sai ka tafi, ka bar mata da yara a tudu, kuma kowane jirgi a sa masa gora."

Ya ji kunyar gwaggonsa, ya yarda da wannan, amma ya ce a ɓoye gorunan a ƙarƙashin tabarmi kada mutanen tsibiri su ce tsoro yake ji. Gora kuwa, yara, ita ce ƙatuwar ƙwaryar nan da masunci yake rungumewa ya yi iyo a kanta.

Washegari gari ya waye tas, tafki ya kwanta luf kamar an shafe shi da mai. Jatau ya hau jirginsa, makaɗa suna kiɗa, jirage sun jeru a bayansa. Korau ya nuna ruwan ya ce, "Dubi yadda ya yi ladab, ranka ya daɗe. Umarni ya kai."

Suna tsakiyar tafki, gabas ta yi baƙi. Kafin masu tuƙi su juya, Iska ta iso. Ruwa ya miƙe tsaye, jirage suka shiga karo da juna, ganguna suka bi ruwa. Jatau ya tashi a kan jirgi ya ɗaga hannu yana ihu, "Na hana! Na ce na hana!" Iska ta kama bakin rawaninsa ta ja, rawani ya fara warwarewa, shi kuma yana juyawa kamar mazari, har ƙarshen ya fita, ya faɗa ruwa da kai tsirara.

Da ƙyar ya cafki wata gora ya rungume. Ya waiwaya sai ga Korau a kan wata, yana shan ruwa yana tari, amma bai fasa aikinsa ba. "Ranka ya daɗe... ka ga igiyar ruwa... sai rusuna maka take yi!"

Jatau ya ce, "Rufe mini baki ka yi iyo!"

Allah ya kiyaye, gorunan nan suka fid da kowa. Amma jirage da yawa sun farfashe, taruna sun tafi, kuma wannan shekarar tunga ta ga yunwa. Jatau kuwa in ya wuce sai ya ga magidanta zaune a inuwa ba abin fita ruwa, kowa ya kawar da kai. Abin ya dame shi har ya rame.

Da wata bazarar ta zagayo, Gwaggo Tasalla ta ja shi bakin gaɓa, ta sa ya shimfiɗa tabarma da hannunsa, ya ajiye ruwan randa. Suka yi ta jira. Can sai ga tsohuwa tana tafe da sauri, ba ta ko kalli tabarmar ba.

Jatau ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ki zauna ki sha ruwa."

Ta ce, "Au, yau ni ce Inna? Na daina zama. Na zo da sallama an ajiye ni a zaure, na kawo labari an mai da shi roƙo. Daga yau in zan wuce, wucewa kawai zan yi."

Gwaggo Tasalla ta ce, "Yaya, laifin mutum biyu ne, amma tungar cike take da 'ya'yan mutane."

Tsohuwa ta ɗan tsaya. Ta ce, "Saboda ke, zan bar alama. Kafin in zo zan ɗauke numfashina. Zafi zai yi nauyi, ruwa ya kwanta, tsuntsaye su gudu tudu. Wanda ya ga haka ya nemi gaɓa. Amma bakina ba zai ƙara gaya wa kowa ba." Ta wuce, yashi ya tashi a bayanta.

Suna komawa gida Korau ya tarye su ya ji yadda aka yi. Kafin Jatau ya buɗe baki, har ya sa an yi shela cewa Sarkin Ruwa, cikin hikimarsa, ya kori Iska daga fada, ba ta da izinin ƙara yi masa sallama. Jatau ya ji shelar daga cikin gida. Ya san ƙarya ce, amma ta yi masa daɗin ji, sai ya ƙyale.

Shi ya sa har yau iskar bazara ba ta gaya wa kowa ranar zuwanta. In kun ga tafki ya yi lamo da rana tsaka, zafi ya danne, tsuntsaye sun watse, ku jawo jirgi kan yashi. Ko da mai rawani ya ce muku ya hana ta, ku ce masa ransa ya daɗe, ku ci gaba da jan jirginku.